Kabarin Bakin Kwari

Unguwar Ɗinya, bayan Barunde, Gombe
15 ga Afrilu

Ɗana Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Najeeba da yara. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin Gombe da ka sani, da ƙafar nan tawa da ba ta son tsayuwa. Kunne kuwa ya ƙarasa. Ka daina wahalar da kanka da kirana a waya, in ta yi ƙara ba na ji, in an miƙo mini sai in yi ta cewa na'am ga iska. Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, to yau ga ranarsa ta zo mini. Hillary direba yana lodin wake zuwa Fatakwal duk sati biyu, ya ce zai riƙa kai maka takarda ya kawo amsa.

Ka ce in riƙa ba ka labarin unguwa. Fanfon burtsatsenmu ya tsaya tun kafin azumi. Mutanen ƙaramar hukuma sun zo, sun kwance injin sun ce za a kai shi gyara, har yau muna jiran a sallamo shi. Motar kwashe shara rabonmu da ita tun lokacin zaɓe, bolar bakin masallaci ta kusa fin masallacin tsawo. Asibitin sha-ka-tafi an yi masa fenti kore shar, kyau kamar gidan amarya, magani ne dai babu. Matar mai unguwa Ɗantala ta haihu, namiji, an yi suna.

Sai maganar kwari. Ka tuna ɗan lambatun da kuke tsallakewa da gudu in za ku makaranta? Yanzu tirela za ta faɗa ciki a neme ta a rasa. A daminar bara ya cinye katangar maƙabarta ta gabas, ya tsaya taku kaɗan daga layin farko. Liman ya tara malamai, sun ce tunda lalura ce ya halatta a ɗauke waɗanda ke bakin kwarin a mayar da su kan tudu kafin ruwa ya sauka. Mai unguwa ya karɓo takardar izini daga sakateriya, samari sun yi alkawarin hannu, an sa ranar Asabar huɗu ga Mayu. Amma aikin hannu ne, ba za a iya kwashe duka ba, kuma babu wani littafi da aka rubuta wane yana nan. Tsohon da ke gadin wurin, wanda ya san kowa, shi ma ya shiga cikinsu. Don haka aka ce kowane gida ya turo namijin da ya san inda nasa yake. Wanda aka nuna, shi za a fara ɗauka.

Ka san abokinka yana wajen nan. Ni mace ce, ban je ba. Malam mahaifinsa ya rasu, baffanninsa biyu da suka raka shi ɗaya ya bi shi, ɗaya ido ya tafi. Kai aka ce mini ka shiga ka karɓe shi, kai ka dasa bini-da-zugu a kansa. To, labari ne dai na ba ka. In aiki ya bar ka ka leƙo, in bai bar ka ba babu komai.

Ka gaida Najeeba, ka ce mata daddawar da ke cikin ledar tata ce, ba taka ba.

Goggonka,
Barira


Fatakwal
24 ga Afrilu

Goggo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, har da daddawa, Najeeba tana godiya. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta warke. Allah ya sauwaƙe ƙafa da kunnen. Rubutunki yana nan yadda na san shi, sai da na gyara zama kamar za ki duba mini aikin gida.

Goggo, na gane. Kabarin Bappayo kike nufi. Na san ba za ki rubuta sunansa ba, ɗan fari ne, ko da yana da rai ban taɓa jin kin kira shi da komai ba sai "kai wannan". Ni dai dangantakarmu ta kakanni ce, amma shekara shida na yi a gidanki ina sakandare, tabarma ɗaya da shi, kwano ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan da hatsarin hanyar Bauchi, ban daina mafarkinsa ba.

Amma maganar tono ba ta kwanta mini ba. A ce mutum yana kwance shekara da shekaru, a zo da shebur a tashe shi, don kawai hukuma ta kasa aikinta? Kwarin ya kamata a tare, ba mamata za a kora ba. Kin tuna Lazarus, ɗan ajinmu da yake zuwa cin ɗanwakenki? Yanzu babba ne a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Na kira shi, ya ce dama akwai tsarin yin katangar kankare da magudanar ruwa a wajen, an dai ajiye shi ne. Na rubuta takardar koke mai zafi, na sa an ɗauko mini hotunan kwarin na watsa a intanet, mutane suna ta magana. Jiya aka ce mini shugaban ƙaramar hukuma ya gani da idonsa, ya ce a kawo masa fayil ɗin.

Ki kwantar da hankalinki. Babu mai taɓa shi, inda yake nan zai zauna. Tunda kin ce babu komai in ban samu zuwa ba, zan tsaya a nan in bi maganar, ya fi amfani.

Ɗanki,
Abdulhamid


Unguwar Ɗinya
12 ga Mayu

Abdulhamid,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata yarinyar ta ƙara samun sauƙi. Ni ina nan yadda ka sani.

Maganarka ta yi aiki, har ta fi ƙarfin aikin. Ranar Alhamis, saura kwana biyu a fara, sai ga motoci uku sun shigo unguwa. Mutane masu hular kwano suka fito da wani abin awo mai ƙafa uku, suka yi ta leƙe, suka yi hoto da mai unguwa. Kafin su tafi suka karɓe takardar izinin da suka ba shi. Wai tunda aikin gwamnati zai zo, kada kowa ya ƙara sa shebur a wajen, tono zai sa ƙasar ta yi laushi. Washegari aka kawo allo babba aka kafa a bakin maƙabarta, da sunan aikin da sunan kamfani. Na sa tabarau na karanta shi tsaf, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. An zuba masa kankare a gindi sosai, shi kam babu inda za shi.

Samari sun mayar da shebur ɗin da suka aro. Ramukan da aka fara haƙa a kan tudu suna nan baki buɗe, awaki suna faɗawa. Mata da yawa sun riga sun tanadi likkafani, ni ma na aika an yanko mini a kasuwa, na wanke na ninke na sa a ƙasan akwati.

An ce mai unguwa ya ambaci sunanka a masallaci, an yi maka addu'a. Mata suna ta shigowa yi mini godiya, wai ɗana ya share wa unguwa hawaye. Ina kallon bakinsu yana motsi, ina cewa madalla. Me zan ce?

Ruwan fari ya sauka ranar Talata. Bai yi yawa ba, amma na fita na tsaya a bayan gidan Ɗantala inda ake hango wurin, na ga ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan kamar ana tankaɗe. Tun ina amarya nake jin za a gyara wannan kwari, lokacin ana tsallake shi da ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Abdulhamid.

Ban ce ka yi laifi ba. Amma ni ba katanga na tambaye ka ba.

Fanfo har yanzu shiru. Yanzu daga unguwar Madaki masu kura suke turo mana ruwa.

Goggonka,
Barira


Fatakwal
30 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, aiki ne ya yi yawa, an ƙara mini wani sashe.

Kin ce ba katanga kika tambaye ni ba. Haba Goggo, ai ɗa ba ya jira sai an tambaye shi. Na san halinki, ba kya son a ce kin ɗora wa wani nauyi. Wannan ba nauyi ba ne.

Na yi magana da Lazarus shekaranjiya. Fayil yana kan tebur, hannu ɗaya ya rage a sa. Ya ce cikin sati biyu za ki ga tifa tana sauke yashi da dutse. Ku dai mutanen unguwa ku ƙara haƙuri, aikin hukuma ba kamar na gida ba ne, yana da matakai. Da an bar samari sun tone wajen, da an samu hujjar cewa babu sauran abin karewa, shi ke nan maganar ta mutu.

In Allah ya yarda zan zo babbar sallah, mu je mu ga aikin tare. Ki ajiye mini ƙafar rago.

Ɗanki,
Abdulhamid


Unguwar Ɗinya
7 ga Yuli

Abdulhamid,

Ina fata kuna lafiya. Ƙafar ragon na soya na ajiye har ta fara wari, na ba almajiran maƙwabta ba su so, na zubar. An ce ka aiko da saƙo ta wayar mai unguwa cewa ba a ba ka hutu ba. Allah ya sa haka ya fi alheri.

Tifar ta zo, gaskiyar Lazarus. Guda ɗaya. Ta sauke yashi a gindin allo, aka yi hoto, ta tafi. Yara suka yi wasa a kai kwana uku, ruwa ya zo ya kwashe sauran ya zuba a kwarin. To ka ga an fara cike shi ke nan.

Mai unguwa ya je sakateriya sau huɗu a kan a mayar masa da takardar izini. Ran farko shugaba ya yi tafiya. Na biyu injiniya yana wajen taro. Na uku aka ce wanda ke riƙe da makullin ofishin ya je jana'iza. Na huɗu aka ce masa aikin ya wuce hannunsu, yana sama, amma hanin yana nan. Ya dawo ya zauna a zaurena ya rubuta mini wannan duka a bayan kwalin sabulu, don ya gaji da ɗaga murya.

Kwari ya ci layin farko rabi. Liman ya ce shi ba zai jira takardar kowa ba, wanda ya san nasa ya zo a ɗauke, in za a kama a fara da shi. Gida shida sun ɗauke nasu. Na ga an wuce da su ta ƙofar gidana a makara, an rufe da tabarma, zuwa tudu. Na yi musu murna, kuma Allah ya gafarta mini, na yi musu hassada.

An tambaye ni a wane layi yake, na ce ban sani ba. Uwa ce take cewa ba ta sani ba.

Ban iya roƙo ba, ba a koya mini ba. A gidanmu in kana jin yunwa cewa kake ka ƙoshi. Amma yau na ajiye wannan. Abdulhamid, ka zo. Ba katanga ba, ba Lazarus ba, ba hoto ba. Ka zo da ƙafarka ka tsaya ka nuna da yatsa, ka koma a ranar in kana so. Likkafani yana nan, masu haƙa suna nan. Yatsanka kawai ake jira.

Barira


Fatakwal
2 ga Agusta

Goggo,

Takardarki ta bakwai ga Yuli sai jiya ta zo hannuna. Motar Hillary ta lalace a Makurɗi, ya yi kusan sati uku a can, takardar tana cikin aljihun motar. Na karanta ta a tsaye a bakin tasha, na kasa tafiya.

Lafiyarmu ƙalau. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa kawai.

Goggo, ban san inda yake ba.

Shekara biyu da suka wuce na zo Gombe ɗaurin auren wani abokin aiki a unguwar Arawa. Ban gaya miki na zo ba, kuma ga dalili. Bayan an shafa fatiha na hau mashin na tafi maƙabarta in yi masa addu'a, da niyyar daga nan in wuce gidanki. Na shiga na tarar kowa ya dasa bini-da-zugu. Lokacin da na dasa nawa shi kaɗai ne a wajen, ga bishiyar ɗinya a hannun dama da nake lissafi da ita. An sare ɗinyar. Layuka sun ƙaru ta ko'ina, ruwa ya baje tudun kaburburan. Na fi awa ina zagaye, in tsaya a nan in ce shi ne, in matsa gaba in ce a'a wannan ne. Na fito ban iya zuwa na dube ki ba, na wuce tasha.

Da takardarki ta farko ta zo na gane abin da kike so sarai. Ban yi rashin fahimta ba, na fake ne da "babu komai" ɗin da kika rubuta. Na ce a raina in aka yi katanga babu wanda zai tambaye ni, ke ba za ki taɓa sanin cewa amanar da aka bar mini guda ɗaya na yar da ita ba. Hutun sallah ma an ba ni. Ni ne ban zo ba.

Na nemi izini, zan taso ranar sha bakwai. Zan je in tsaya, wataƙila in na nutsu ƙafata ta tuna abin da kaina ya manta. Ki yafe mini, Goggo. Kunya ce ta hana ni.

Ɗanki,
Abdulhamid


Unguwar Ɗinya
9 ga Agusta

Abdulhamid,

Na samu takardarka. Ina fata kuna lafiya. Ni da sauƙi, kwana uku na yi a kwance, yanzu na tashi.

Na duba kwanan watan da ka sa, biyu ga Agusta, Juma'a. To a ranar, ana saukowa daga masallaci, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa aka yi har bayan la'asar ba tsayawa. Ni ban ji ƙarar ba, a ƙafata na ji, ƙasa ta girgiza kamar an ka da bango. Na ga mata suna gudu ta ƙofar gida ba mayafi, na bi su.

Layi uku suka tafi a lokaci ɗaya. Muna tsaye a bakin kwari muna kallon jan ruwa yana juya fararen tsummoki da itacen rufi, da bini-da-zugu da saiwarsa a sama, naka da na kowa. Samari sun bi kwarin har nesa da gari, kwana biyu suna tsinto abin da suka samu. An haɗa duka a rami ɗaya a kan tudu, liman ya yi addu'a. Babu wanda ya san wa aka samu, wa ya wuce.

Ranar Litinin motocin nan uku suka dawo. An yi mana jaje, an sake kafa abin awo, an sake hoto. Lazarus ya shigo har ɗakina ya durƙusa yana hawaye, yaron kirki ne, ban ji abin da ya ce ba. An ce yanzu an ba da izini kowa ya ɗauke nasa. Allon yana nan a tsaye, ko karkacewa bai yi ba.

Ka ce in yafe maka mantuwar da ka yi. Mantuwa ba laifi ba ce, shekara goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne. Abin da ke ci mini rai daban ne. Da ka zo ranar huɗu ga Mayu ka gaya mini gaskiya, da na ce ka tsaya a inda zuciyarka ta fi kwanciya ka nuna. In shi ne, alhamdu lillahi. In ba shi ba ne, ɗan wata ne, wata da ita ma ba ta da mai nuna mata, da an naɗe shi a likkafanina an kai shi tudu. Allah ya san nasa, ba ya ruɗewa da layi. Ni kuma da na samu wurin da zan riƙa juya fuskata in na idar da salla. Kuma ba ni kaɗai ba, Abdulhamid. Gida arba'in da wani abu ne suka shirya a ranar nan, sun san nasu, sun riƙe shebur a hannu. Shida kawai suka tsira. Matan da suka zo yi mini godiya a kanka, yanzu in mun haɗu a wajen masu kura sai su dubi ƙasa, ni ma in dubi ƙasa. Garin neman gira aka rasa ido.

Ban ɗora maka duka ba. Masu allo suna da nasu, Allah yana jiransu, ni ba zan je sakateriya ba. Ni ma ina da nawa. Na koyar da yara shekara talatin da biyar cewa a rubuta abin da ake nufi, da ta zo kaina na rubuta babu komai. Kai kunya, ni kunya, ruwa kuwa ba shi da ita.

Shekara ashirin da shida yana yawo a tsakar gidan nan ban kira sunansa ba. Ya kawo sakamakon jarrabawa na ce a ajiye a can. Aka shigo da shi a mota na ce Allah ya ji ƙan musulmi, ban yi kuka a gaban kowa ba, har aka yi ta yabona. Ranar Juma'ar nan, a bakin kwari, gaban mata da maza da sirikai, na buɗe baki na kira shi. Ka san ba na ji, don haka ban san yadda ya fita ba. Sun ce har tsallaken kwari an ji.

Ranar sha bakwai in ka ga za ka zo, ka zo, ɗakinku yana nan. Sai dai babu abin nunawa. Likkafanin na aika wa liman, an sa shi a ramin tare da na sauran.

Na yafe maka, don ina so ni ma a yafe mini. Amma kada ka ƙara kiran kowa a kan maganar unguwar nan. Fanfon ma ka bar mana shi haka.

Ka gaida Najeeba da yara.

Barira,
uwar Bappayo